Neman Gwaggo Turai

Asabar, 4 ga Oktoba, 2025

Na iso. Motar Gadarif ta sauke mu bayan la'asar, ƙafafuna a kumbure. Shekara biyu da rabi rabona da Khartoum, kuma shiru ne ya fara tarbata. Garin da a da sai ka ɗaga murya kafin na kusa da kai ya ji ka. Ciyawa ta tsiro a tsakiyar kwalta.

Wafa'a ta zo ɗaukata. Tun ajin farko na firamare muke tare, amma yau sai da na dube ta sau biyu. "Hamdilla ala salama, ya Tasnim." Muka rungume juna muna kuka a gaban masu raksha, keken hayar nan mai ƙafa uku, ko kunya babu. A wurinta zan sauka, a unguwar Hajj Yusuf. Ta ce mu leƙa unguwarmu Sahafa in ga gidanmu tunda ga shi kusa da tasha. Na ce gobe.

Abin da na faɗa wa mijina Al'amin har ya yarda ya zauna da 'yarmu Husna in taho shi ne gyaran gida zan yi, don in an ga Gwaggo Turai ta sami inda za ta dawo. In an gan ta. Ƙanwar Baba ce, ita ta raine mu ni da Yaya Suhaib tun da Mama ta rasu ina ƙarama. Ranar da yaƙi ya kore mu ta ƙi shiga mota, wai ba za ta bar gidan marigayi yayanta babu kowa ba. Wayarta ta daina shiga tun bara.

Lahadi, 5 ga Oktoba

Gidan yana nan tsaye. An cire ƙofar ƙarfen, an jingina kwano a madadinta. An zare wayoyin wuta daga jikin bango, duk ya zama zane-zane kamar an yi masa tsaga. Fanka babu, firij babu, keken ɗinkin Gwaggo babu.

Akwai mutane a ciki. Ban yi tsammani ba. Wani Malam Shitu da matarsa Asabe da yara, Hausawa ne irinmu, daga wani ƙauye na jihar Jazira yaƙi ya koro su. Sun tarar da gidan a buɗe suka shiga. Asabe ta goge hannu a zani ta ce, "Sannu da zuwa, 'yar masu gida. Dama mun san wata rana za a zo." Ba ta roƙe ni komai ba. Wannan ya fi ba ni haushi.

Na tambaye su tsohuwar gidan. Ba su tarar da kowa ba.

Bishiyar lemun tsami tana nan, sun ɗaura mata igiyar shanya. Daga kanta na faɗo na karye a hannu ina 'yar shekara shida, Gwaggo ta saɓa ni a baya ta ruga wurin maɗori ko takalmi babu. A Gadarif ba ranar da ban tuna tsakar gidan nan ba. Na ba Husna labarinsa har ta iya zana shi a ƙasa da tsinke: nan randa, nan rumfa, nan lemo. Yau na zauna a gindin bishiyar ina jiran wani abu ya taso mini a ƙirji.

Sauro kawai.

Kuma yaushe tsakar gidan ya ƙanƙance haka?

Litinin, 6 ga Oktoba

Na kira Yaya Suhaib a Riyad, na zagaya da wayar don ya gani. "Juya in ga. Wannan ne ɗakinmu? A'a, ba haka yake ba." Na ce shi ne mana. Can ya ce wani tsohon maƙwabcinmu ya gaya masa an ga Gwaggo cikin waɗanda suka tsallaka Omdurman bara. "Ki bar bango, Tasnim, ki je ki duba." Na ce sai na gama gyara. Ya ce, "Tsoro kike ji." Na ce ba na jin sa sosai, na kashe.

Talata, 7 ga Oktoba

Na sayi shuɗin fenti. Irin na da, sak.

Alhamis, 9 ga Oktoba

Mun shafe bangon tsakar gida. Malam Shitu ne ya karɓi burushin daga hannuna, ya ce ba a yi haka ba yana tsaye. Wafa'a ta zo ta gani ta rantse launin bai kuskure ba. To me ya sa nake ganin kamar gidan wasu na shigo?

Na ce wa Malam Shitu su nemi wuri kafin ƙarshen wata. Ya ce, "To, Malama. Allah ya buɗa." Ya ci gaba da shafa fentinsa, har da gyara inda na ɗiga. Da ma ya yi mini gardama.

Na zauna a rumfa, na tashi. Na shiga ɗakinmu, na fito. Na leƙa gidan Hajja Layla na jikin namu, ƙawar Gwaggo ta ƙut da ƙut, kango ne, tantabaru sun tare a ciki. Duk layin gida uku ne ke da mutane, kuma ba fuskar da na sani. A da in ka taho daga bakin titi zuwa ƙofarmu sai ka gaji da amsa gaisuwa.

Juma'a, 10 ga Oktoba

Ban faɗa wa kowa ba na hau mota zuwa unguwar Shajara. Garejin da Baba ya yi aiki a rufe, rabinsa a ƙone. Na gangara bakin kogi, inda yakan kai mu ranar Juma'a bayan an sauko. Gwaggo ta ƙullo godo-godo a kwano, furar nan tata mai kauri da yaji, Yaya Suhaib yana jifan ruwa da duwatsu, ita kuma tana ƙwala masa kira kada ya matsa.

Ruwan yana nan yana tafiyarsa. Na tsaya, na tsaya, na rasa abin da zan yi da hannuwana. Ko minti goma ban yi ba na juyo.

Da na dawo Wafa'a tana tsintar adas, ƙananan waken nan, a faranti. Ko ɗagowa ba ta yi ba ta ce, "Ke kam tun da kika zo kamar kazar da ke neman wurin ƙwai. Jibi za mu Omdurman. Halas, an gama magana." Na ce fentin ɗakuna fa? Ta ce ɗakunan ba za su gudu ba.

Lahadi, 12 ga Oktoba

Mun tsallaka gada da sassafe. Omdurman cike take, duk mutanen da Khartoum ta rasa kamar nan suka taru. Mun bi takiyya-takiyya, wuraren da ake dafa abinci a manyan tukwane a raba wa jama'a kyauta, don duk wanda ya zo garin ba shi da kowa can yake ƙarewa. Ina nuna hoton Gwaggo na bikin aurena. Kowa ya karɓi wayar ya daɗe yana dubawa, sannan ya girgiza kai ya ba ni haƙuri. "Ma'alesh, ya ustaza."

Wani dattijo, da kyakkyawar niyya, ya ce mu tambayi masu haƙar kabari, su sukan tuna baƙin da aka kawo musu. Na zauna a gefen titi a kan wani bulo, Wafa'a tana yi mini fifita da gefen mayafinta.

Ba mu je ba. Ba zan je ba.

Litinin, 13 ga Oktoba

Ban fita ba. Zaman ma ya gagara. Na wanke kayan Wafa'a da ba su yi datti ba.

Talata, 14 ga Oktoba

A kasuwar Sawra muka zauna shan shayi wurin wata mata, Ni'mat. Na nuna mata hoton don kawai ya zama na nuna. Ta ce ba ta san wannan mai ƙibar ba. Har mun miƙe ta ce, "Amma akwai wata hajja Bahaushiya a makarantar da aka sauke masu gudun hijira, can bayan masallaci. Ba ta gani sosai. Faɗa gare ta, Allah ya kiyaye! Ita ke dama wa yara godo-godo."

Faɗa gare ta.

Na ce mu tafi yanzu. Ni'mat ta ce matan sun fita karɓo hatsi, har da hajjar, ba sa dawowa da wuri, kuma in muka yi yamma ba za mu sami motar tsallakawa ba. Gobe.

Ya Allah. Tsofaffi masu faɗa ai da yawa suke a duniya.

Laraba, 15 ga Oktoba

Ita ce.

Bari in rubuta a hankali. Makarantar firamare ce, kowane aji iyalai sun raba shi da labulen zannuwa. A bayan ajujuwan akwai rumfar buhu, mata na tuƙi. Na hango wata tsohuwa a kan tabarma ta ba ni baya, ƙanƙanuwa, kafaɗunta kamar na yarinya. Na ce a raina ba ita ba ce. Na ci gaba da matsawa dai. Ko sallama ban yi ba.

Ba ta juyo ba ta ce, "Wace ce wannan mai jan takalmi? Ɗaga ƙafarki, ƙasa ba ta yi miki laifin komai ba." Ludayin ya tsaya a hannunta. "Tasi?"

Ban san yadda na kai ƙasa ba. Ta laluba fuskata da hannu biyu, hannun duk gari, ta shafa kunnuwana, ta kama hannun da ya taɓa karyewa. Ba ta yi kuka ba. Ni na yi na mutum biyu. Matan suka kewaye mu suna kabbara, wata ta rangaɗa guɗa. Abin da ta fara tambaya: "Kin ci abinci?" Na biyu: "Wa kika bar wa Husna?" Da na ce babanta sai ta ja tsaki, wai namiji me ya sani da kitso.

Yanar ido ce ta rufe mata gani, inuwa kawai take gani. Wayarta masu bindiga suka karɓe a hanya, kuma ba ta haddace lambar kowa ba.

Na kira Yaya Suhaib na kara mata a kunne. Ina jin kukansa daga inda nake. Ta ce, "Kai, ƙato da kai. Ka yi aure ko har yanzu?"

A nan zan kwana. Wafa'a ta koma.

Alhamis, 16 ga Oktoba

Muna tsince gero na tambaye ta yadda aka yi ta bar gidan, ita da ta ƙi shiga mota. Ta ce ai da mutane. Maƙwabta suka dinga tafiya ɗaya bayan ɗaya, ya rage ita da Hajja Layla. Su biyu suke raba abin da suka samu. Sai maganin ciwon sukarin Hajja Layla ya ƙare. Gwaggo ce ta yi mata wanka, wasu samari suka taimaka aka rufe ta a filin ƙwallon unguwa, don maƙabarta ba ta zuwuwa.

"Da gari ya waye na fito ƙofa, na duba gabas na duba yamma, ba wanda zan ce wa ina kwana. Na ce zaman me nake yi? Na ɗauki mayafina."

Don in sauya maganar na ce mata lemonmu yana nan da ransa, wanda na faɗo daga kansa. Ta ce wane? Na ce na tsakar gida mana.

Dariya har da tari. "Ke da kika karye a unguwar Mayo, gidan hayar da muka fara zama? Kuma ba lemo ba ne, katangar maƙwabta kika hau za ki saci gwaiba. Lemon Sahafa ai ni na dasa shi kina aji biyar. Yaushe ya yi girman da za a hau?"

Na yi gardama. Na ce ina tuna ƙayarsa, ina tuna shuɗin bango. Ta ce to. Ta ce, "Goyon dai ni na yi shi, kuma bayana bai manta nauyinki ba."

Na aika wa Yaya Suhaib tambaya. Ya ce Mayo ne, shi ya ɗora ni a katangar ma.

Shekara talatin ina ajiye da wannan abu a tsakar gidan da bai faru a cikinsa ba. Na ma koya wa Husna. Amma warin zufar wuyan Gwaggo da hayaƙin girki a mayafinta, da yadda take haki tana cewa "yi shiru, mun kusa," wannan kam ba wanda zai ce mini ba haka ba ne.

Asabar, 18 ga Oktoba

Na ce ta shirya mu koma gida, na yi fenti, baƙin za su tashi ƙarshen wata. Ta ce waɗanne baƙi? Na ba ta labari. Ta ce: "Yara nawa?" Na ce huɗu. "Ina za su?" Na ce ban sani ba.

"In koma in tarar da wa, Tasi? Nan in na yi tari mutum biyar ke tashi. Asma, maƙwabciyata ta bayan labule, ke kai ni bayi, 'yarta ke zare mini ƙaya. Yaran nan in ban dama ba ba sa shan na kowa."

Na ce nan aji ne, Gwaggo, ga allo a bango, za a buɗe makaranta wata rana a ce ku tashi. Ta ce in ranar ta zo a yi maganar.

Raina ya ɓaci. Na fita na zagaya makarantar har sau nawa ban sani ba. Na bar 'yata, na sha hanya, hannuna duk fenti, a ce mini a'a.

Litinin, 20 ga Oktoba

Na kai ta asibitin ido. Likita ta ce yanar za ta ciru, amma layi ne, sai cikin watan gobe. Na kira Al'amin. Ya ce in zauna a gama. Husna ta karɓi wayar ta ce, "Mama, kin ga bishiyar?" Na ce na gani. Na ce ga wadda ta dasa ta, ku gaisa.

Juma'a, 24 ga Oktoba

Ita ce da kanta ta ce in kai ta Sahafa. Ba don ta zauna ba, wai tana so ta yi wa Hajja Layla addu'a a kan kabarinta.

Mun fara da filin ƙwallo. Ta daɗe a tsugune. Ban ji abin da take cewa ba, amma ba duka addu'a ba ce, na ji tana ba ta labarin farashin gawayi.

Sannan gida. Ta dafa bango ta shiga, ba ta yi tuntuɓe ko sau ɗaya ba, ta san inda dakalin yake. Asabe ta rasa inda za ta sa kanta, ta shimfiɗa tabarma, ta durƙusa. "Sannu da zuwa, Inna." Gwaggo ta ƙi zama. Ta shaƙi iska ta ce, "Wa ya ɗora miya ya bar ta tana kamu?" Asabe ta ruga. Gwaggo ta laluba randa ta ce wa ya ajiye ta a rana, a mayar da ita kusurwa. Ta taɓa lemon ta ji igiyar shanya, ta ce a kwance, bishiya mai 'ya'ya ba a shaƙe ta. Yaran suka fito suna leƙe, ta kama ƙaramar ta shafa kanta ta ce, "Wannan kan yaushe rabonsa da mai? Kawo mataji." Ta zauna a bakin rumfa ta sa yarinyar tsakanin gwiwoyinta.

Ina tsaye a ƙofar ɗakinmu. Muryarta na dukan bango tana dawowa, yarinya na ƙananan koke-koke, miya na ƙauri, Malam Shitu ya shigo da sallama ta ce masa ya cire takalmi. Sai ga shi. Duk abin da na zauna jira a gindin bishiya ranar nan bai zo ba, ya zo gaba ɗaya har sai da na dafa ƙyaure. Na ji kamar Baba zai turo ƙofa da baƙin mai a hannunsa. Tsakar gidan ya koma girmansa.

Da la'asar ta miƙe ta ce mu tafi, yara na jiran ta. Asabe ta riƙe mata mayafi, "Inna, ki kwana mana, gidanki ne." Ta ce, "Na sani. Ki riƙa ba lemon ruwan wanke-wanke, yana so."

Na koma ɗauko jakata da na manta. Minti biyu da fitarta. Shuɗin bango, randa, rumfa. Gidan wasu.

Talata, 28 ga Oktoba

Ƙarshen wata ya matso. Ban kira Malam Shitu ba. Shi ya kira, ya ce ya sami wani kango a Shajara amma ba rufi, ko zan ƙara musu kwanaki. Na ce zan yi shawara da Yaya. Ban kira Yaya ba.

Asma ta koya mini tuƙa babbar tukunya. Kafaɗata kamar ta cire. Da yamma yaran suka gano ni malama ce, suka jawo ni gaban allo. Alli babu, da gawayi muka yi a bangon baya.

Lahadi, 2 ga Nuwamba

Na je Sahafa ɗauko gadon igiyar Gwaggo, tabarma na sa mata ciwon baya. Malam Shitu ya gyara ƙafar da ta karye tun kafin in zo, ya ɗaure shi a kan raksha. Sun riga sun ƙulle kayansu a buhuna, an jera a rumfa. Asabe ta ce jibi za su tashi in Allah ya so.

Na ce wa zai ba lemon ruwa? Ta dube ni. Na ce ina nufin ba kyau a bar gida ba kowa, ɓarayi. Na ce su kwance kayan, sai bayan aikin idon Gwaggo a gani. Ko bayan salla. A gani dai. Na fita da sauri kafin ta fara godiya.

Na ɗan lokaci ne. Haka zan faɗa wa Yaya.

Mun makale a kan gada, ni da gado, rana na dukana, ina ta duba agogo don na san Gwaggo ba za ta ci abinci ba sai na dawo. Al'amin ya kira ya ce ina kike? Na ce ina hanyar gida. Ya ce Sahafa? Na ce a'a, daga can nake.

Sai da na faɗa na ji abin da na ce: makarantar na kira gida. Sai na ce masa ya saya wa Husna man kitso, kuma in an yi hutu ya kawo ta. Akwai mai son ganin kanta, in an buɗe idon.